Asalin zane da bugunsa: zanen talla na tawada a Faransa (1930-1970) da matsalar tara shi

Gabatarwa

Duk mai binciken tarihin ƙarni na 20 da ya taɓa buɗe tsohuwar jarida ya san cewa ba labarai kaɗai ke cika shafi ba. A gefe da ƙasa akwai tallar sabulu, da ta keke, da ta maganin ciwon kai, kuma kafin shekarun 1960 da yawa daga cikinsu da hannu aka zana su, da alƙalami da baƙar tawada. Mun saba kafa hujja da waɗannan tallace-tallace a kan abin da ake sayarwa, da wanda ake sayar wa, da irin kallon da mai kaya ke yi wa mai saye. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne inda takardar da mai zanen ya taɓa da hannunsa ta shiga. A nan za mu duba wannan tambaya a kan ƙasar Faransa, tsakanin 1930 da 1970, domin can ne aka zana tallace-tallace masu yawa da suka iso ƙasashen da ta mallaka, har da tamu.

Kalmomi biyu za mu riƙe. “Asalin zane” shi ne takarda guda tilo da ta fito daga hannun mai zane. “Bugu” kuwa shi ne abin da maɗaba’a ta fitar, dubu ko dubu ɗari. Tun daga dokar da Sarki François na 1 ya sa wa hannu a Montpellier a 1537, hukuma a Faransa ke tilasta wa masu ɗab’i su ajiye mata kofin abin da suka buga, kuma daga baya dokar ta game hotunan bugu da takardun manna wa bango, waɗanda a bakin mutanenmu ake ce wa afishi. Amma dokar bugu ta sani. Takarda tilo ba ta shiga cikinta. Daga nan matsalarmu ta samo tushe: hukuma ta tara ƴaƴan, uwar kuwa aka bar ta a hannun sa’a.

1. Dalilin baƙar tawada

Kada a ɗauka sha’awa ce ta sa masu zanen talla suka riƙe baƙi da fari. Injin ɗab’i ne ya shar’anta musu. A 1850 Firmin Gillot ya yi rajistar wata dabara ta mai da zane farantin tutiya a Paris, ɗansa Charles kuma ya haɗa dabarar da ɗaukar hoto cikin shekarun 1870. Ga yadda aikin ke tafiya: a ɗauki hoton zanen da babbar kamara, a haska hoton bisa farantin da aka shafa wa maganin da haske ke daskarar da shi, sannan a tsoma farantin cikin asid. Asid ya cinye duk inda babu layi, layin ya rage a tsaye kamar tudu. Sai a kafa farantin bisa katako har ya kai tsayin haruffan dalma, wato milimita 23,56 a ma’aunin Faransa, a jera shi cikin shafi tare da rubutu.

Irin wannan faranti abu biyu kawai ya sani: inda tawada take da inda babu ita. Ruwan toka bai san shi ba. Gaskiya ne tun 1882 Georg Meisenbach ya fito da rariyar gilashi mai farfasa hoto ya koma ɗigo-ɗigo, abin da ya ba da damar buga hoton kamara. Sai dai takardar jarida mai kaushi ce, tana shan tawada, ba ta ɗaukar fiye da layin ɗigo kamar 25 a santimita guda, alhali takardar mujalla mai sheƙi tana ɗaukar ninki biyu. Hoton agogo ko na keken ɗinki, in aka buga shi ƙarami a jarida, sai ya koma dusu-dusu. Zanen layi kuwa yakan fito tas ko da injin ya tsufa. Mai kaya da ya biya kuɗin fili bai son a ga hajarsa cikin hazo.

Saboda haka gwanintar mai zane ita ce ya sa ido ya ga ruwan toka inda babu shi. Hanyoyin sun kasu. Akwai jera siraran layuka kusa da juna, a gitta su da wasu inda ake son inuwa ta yi duhu. Akwai ɗiga ɗigo da bakin alƙalami, ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin yini a kan kumatun fuska guda. Akwai busasshen buroshi, wanda ake ja bisa takarda mai ƙurji ya bar tsaki-tsaki. Akwai kuma inuwar da ba hannu ke yi ba: a 1879 Ba’amurke Benjamin Day ya ƙago fatun da ke ɗauke da ɗigo shiryayye, mai zane ya shafa shuɗi inda yake so, ma’aikacin maɗaba’a ya ɗora ɗigon a wurin. Daga baya irin wannan ɗigo ya zo bisa leda mai gam, mai zane ya yanka da kansa ya manna.

Hanyar da ta fi dacewa da kayan ƙarfe da gilashi ita ce kwalin kankarewa. Kwali ne da aka shafe da farin yumɓu mai laushi. A shafa masa baƙar tawada, in ta bushe a bi ta da tsinin wuƙa ana kankarewa, farin layi na fitowa daga cikin baƙi, siriri fiye da abin da buroshi zai iya. Wanda ya duba tallar agogo ko ta tayar mota ta wancan zamani ya ga ƙyalli kamar na zanen da aka sassaƙa a katako, sau da yawa wannan kwali ne. Ga mai tarawa yana da sauƙin ganewa: in aka karkata shi ga haske, za a ga farin layin rami ne.

Ita kanta tawadar, wadda ake kira tawadar Sin ko da a Turai aka dafa ta, kunkunniya ce cikin ruwa, tare da shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a dazukan Indiya da Tailan. Kamfanonin Pelikan a Jamus, da Higgins a Amurka, da Lefranc a Faransa, duk sun sayar da ita cikin ƴan kwalabe. Wanda ya yi karatun allo ba baƙo ba ne a nan, domin tawadar allo ma gawayi ce ko baƙin tukunya da ƙaro. Bambancin yana ga abin da ake nema: almajiri na son tawadar da za ta wanku, shi ya sa ƙaron da ruwa ke narkarwa ya ishe shi, mai zanen talla na son wadda in ta bushe ruwa ba ya motsa ta, don ya iya bi ta kai da wani launi ko da farin gyara. Shalak ke yin wannan aiki. Kuma da yake baƙin na gawayi ne, rana ba ta kashe shi, ba ya kuma cin takarda kamar yadda tawadar da aka haɗa da ƙarfe ke yi wa tsofaffin littattafai. Shi ya sa za a ga zane mai shekara 70 wanda takardarsa ta yi ja, gam ɗinsa ya saki, amma layinsa na nan baƙi ƙirin.

2. Abin da kamara ba ta gani

Wannan sashe shi ne zuciyar hujjarmu. Fim ɗin da maɗaba’u ke aiki da shi yana ganin shuɗi mai haske kamar fari, yana ganin ja kamar baƙi. Masu zane sun ci moriyar wannan makanta. Da shuɗin fensir suke fara zayyana siffa, da shi ake rubuta umurni a tsakiyar zanen ma, tunda ba zai fito a bugu ba. Kuskure kuma ba a goge shi, rufe shi ake da farin gwash, ko a yanko wata takarda a manna bisa hannu ko fuskar da ba ta gamshi mai kaya ba, a sake zanawa. Kamara ba ta ganin tudun farin fenti, ba ta ganin bakin takardar da aka manna. Bayan haka, asalin zane yakan fi bugunsa girma da rabi ko ninki biyu, domin ragewa na ɓoye rawar hannu.

Ke nan bugu fuska ce da aka wanke, asalin zane kuwa yana ɗauke da duk gardamar da aka yi kafin a wanke ta. A gefensa ana samun kibiya da faɗin da za a rage shi zuwa, da gicciyen daidaita launi, da hatimin kamfanin talla ko na masu yin faranti, da lambar aiki, da kwanan wata, wani lokaci da sunan jaridar da za a aika wa. A samansa akan manna takarda shara-shara inda shugaban ɗakin zane ko mai kaya ya rubuta gyaransa. Daga nan ne ake gane cewa talla guda hannu da yawa ne: wani ya zana mutum, wani ya zana kwalba, wani ya rubuta haruffa, domin kafin haruffan gogawa na Letraset su bazu a farkon shekarun 1960, manyan haruffan talla da hannu ake zana su, kuma sana’a ce mai zaman kanta.

Abokan aikinmu da ke nazarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta Yamai sun daɗe da sanin cewa ba matani kaɗai ake karantawa ba. Ana karanta takarda, da tambarin wata uku da ke cikinta, da tawada, da abin da wani ya ƙara a gefe. Abin da muke nema shi ne a yi wa zanen talla irin wannan karatu.

3. Afishi, da mutumin da ba a ambata

A ɓangaren afishi, sunayen sanannu ne. Cassandre, mai tallar Dubonnet ta 1932 da ta jirgin ruwan Normandie ta 1935, ya yi aiki da alƙalamin feshi. Raymond Savignac, wanda ya yi masa yaron aiki cikin shekarun 1930, ya yi suna ne a 1949 da saniyar sabulun Monsavon. Labarin wannan saniya ya shafe mu kai tsaye: zanen ya zauna a ajiye ba a buga shi ba, sai da Savignac ya baje shi a wani nuni da suka yi da Bernard Villemot, Eugène Schueller mai kamfanin L’Oréal ya gani ya sa aka buga. Da an zubar da takardar kamar yadda ake zubar da ire-irenta, da babu abin da tarihi zai ce. Shi Villemot ya fara tallar Orangina a 1953. René Gruau kuwa, wanda ya zana wa Christian Dior tallar turare tun daga 1947, shi ne gwanin buroshi da tawada: layi guda mai kauri da siranta, da launi ɗaya ko biyu, sauran fili a bar shi fari.

Sai dai abin da aka manna a bangon Paris, mai santimita 120 a 160, ba hannun Savignac ne ya taɓa shi ba. Shi ƙaramin zane yake kawowa, na gwash. A maɗaba’a akwai mai raba launi, wanda zai faɗaɗa zanen, ya sake zana shi da tawada mai maiƙo bisa dutse ko tutiya, kowane launi da farantinsa. Wannan shi ne bugun dutse da Alois Senefelder ya ƙago a 1796, wanda ya dogara a kan ƙiyayyar mai da ruwa. Mun san sunayen masu raba launi irin su Henri Deschamps da Charles Sorlier na maɗaba’ar Mourlot saboda sun yi wa Picasso da Chagall aiki. Takwarorinsu da suka yi wa sabulu da lemo aiki, a ƙasan afishi sunan maɗaba’a kawai ake sa wa. Hanyar auna aikinsu ita ce a ajiye asalin zane kusa da bugu a ga abin da ya sauya.

A nan akwai wata ƴar alaƙa da yankinmu da ta cancanci ambato. Dutsen ɗab’i ba ya aiki sai an shafe shi da ƙaro da ɗan asid, don inda babu zane ya riƙe ruwa ya ƙi tawada. Gwash ma da ƙaro ake ɗaure shi. Ƙaron nan na dakwara ne, daga Kordofan ta Sudan da sauran ƙasashen Sahel, kuma ƙasar Manga a gabashin Nijar na cikin masu fitar da shi.

4. Yadda aka yi asara, da yadda aka fara tarawa

Tara afishi tsohuwar al’ada ce a Faransa. Cikin shekarun 1890 abin ya zama kamar zazzaɓi, har aka riƙa buga ƙananan kofi don masu tarawa a jerin Les Maîtres de l’Affiche, daga 1895 zuwa 1900. Gustave Dutailly ya bar wa garin Chaumont afishi kusan 5000 a 1906. Amma duk wannan bugu ne. Asalin zane kayan aiki ake ɗaukarsa, kamar ma’aunin tela: in riga ta ɗinku, ba mai tambayarsa. Dokar 11 ga Maris 1957 ta bambanta haƙƙin mai fasaha da mallakar takardar kanta, amma a aikace takardar takan kwana inda aiki ya ƙare, a kamfanin talla ko wurin masu faranti.

Daga nan sana’ar ta juya. Bugun ofset ya kori dutse da dalma, hoton kamara mai launi ya kori zane, kuma ranar 1 ga Oktoba 1968 talabijin ta Faransa ta fara tallar kayan kamfanoni da sunansu. Ɗakunan zane suka ragu, maɗaba’u suka rufe ko suka ƙaura, kuma mai ƙaura ba ya ɗaukar kwalayen aikin da aka riga aka biya. Wuta ma ta ci nata: ranar 27 ga Satumba 1972 gobara ta cinye ginin Publicis da ke Champs-Élysées, kamfanin da Marcel Bleustein-Blanchet ya kafa a 1926. Gidan tarihin afishi na Paris bai buɗe ba sai 1978, a titin Paradis. A 1982 ya koma gidan tarihin talla, kayansa kuma daga baya suka shiga gidan Arts décoratifs. A Ingila an kafa History of Advertising Trust a 1976, a Amurka kuma takardun kamfanin J. Walter Thompson suna jami’ar Duke. Duk waɗannan sun zo ne bayan an riga an share ɗakuna da yawa.

Abin da ya tsira ya faɗa kasuwa, kuma kasuwa da mai tarihi ba abu guda suke so ba. Mai gwanjo sa hannu yake nema da launi. Gruau mai tauraro bisa harafin G yana da tsada. Zanen famfo ko na fitilar kananzir da ba sa hannu, baƙi da fari, ba mai waiwayarsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne gyaran da ake yi wa zane don ya shiga firam: a datse gefe, a cire takardar saman da ke ɗauke da gyara, a ɓamɓare abin da aka manna, a wanke tabon gam. A ganinmu wannan ɓarna ce ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, domin abin da aka zubar shi ne shaidar. Akwai kuma ruɗi: maɗaba’u kan yi kofin hoto na zane bisa takarda mai sheƙi, a taɓa shi da tawada nan da can, kuma irin wannan na iya shiga kasuwa da sunan asali. Haske daga gefe ke raba gardama. Tawadar hannu tana da tudu da ƙyallin shalak, bakin alƙalami yakan bar kwari a takarda, kuma ana ganin fensir a ƙarƙashi.

5. Inda abin ya shafe mu

Siffar baƙar fata a tallar Faransa an yi nazarinta. Sojan Afirka mai dariya na Banania, wanda Giacomo de Andreis ya zana a 1915, Hervé Morvan ya sauƙaƙa shi a 1957. Senghor ya yi tir da wannan dariya a Hosties noires (1948), Fanon ma ya taɓo ta a 1952. Ɗakin karatu na Forney ya yi nunin Négripub a 1987. A 2006 kuma masu kamfanin suka amince su bar taken da ke kwaikwayon Faransancin bariki. Wannan talla ce da aka yi da mu don a sayar wa Faransawa. Wadda aka yi don a sayar mana, nazarinta bai kai haka ba. Muna nufin irin tallar da ke cikin mujallar Bingo, wadda Ousmane Socé Diop ya kafa a Dakar a 1953, da kundin kayan Manufrance na Saint-Étienne mai dubban ƙananan zane, wanda ta hanyarsa bindigar Simplex da keken Hirondelle da keken ɗinki Omnia suka yi suna nesa da Faransa.

Kamfanonin talla ba asalin zane suke aika wa jaridu ba. Faranti suke aikawa, ko kwalin da aka danna bisa faranti, wanda maɗaba’a za ta zuba wa dalma. Ke nan abin da ya iso Dakar, daga can ya iso kantunan Maraɗi da Damagaram, inuwa ce. Jikin yana can inda aka zana shi. In ana son a san ko an zana wata talla musamman don Afirka, ko kuwa tsohuwar tallar Faransa ce aka manna wa sabuwar fuska aka sauya mata tufafi, bugu ba zai faɗa ba, don kamara ta riga ta share bakin mannin. Asalin zane ne zai faɗa. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce ga mai nazarin kasuwancin zamanin gyaɗa, domin tana nuna ko kamfani ya ɗauki mai sayen nan a bakin wanda ya isa a kashe wa kuɗin sabon zane. Ɗalibin da zai bi wannan sawu ya fara da takardun kamfanoni, alal misali na Manufrance da ke gidan ajiyar takardu na jihar Loire, kafin ya je wurin ƴan gwanjo.

Haka kuma duk inda aka yi faranti a nan Afirka ta Yamma, an yi asalin zane: a maɗaba’un gwamnati, da na mishan, da na Gaskiya a Zariya. Wanda ya ci karo da irin waɗannan takardu ya sani cewa yanayinmu ba ya tausaya musu. Bushewar hunturu na fasa gwash da yumɓun kwalin kankarewa, laimar damina na kumbura kwali, gara kuma ba ta bar komai. Gam ɗin roba yakan bushe ya bar jan tabo, abin da aka manna ya faɗo; in ya faɗo a sa shi cikin ambulan tare da zanen, kada a sake manna shi. Launin alƙalamin maka da na tawadar ruwa masu rini suna gushewa a haske cikin ƴan shekaru, saboda haka ba a rataye su. A ajiye zane a kwance, ba a naɗe ba, da farar takarda tsakanin kowane biyu. Kada a rufe shi da ledar zafi kamar yadda ake yi wa takardar haihuwa, domin ba ta ɓamɓaruwa. Kafin komai a ɗauki hotonsa gaba da baya, da ma’auni a gefe, a kuma kwafe duk abin da aka rubuta da shuɗin fensir, tunda shi ma injin fotokofi sau da yawa ba ya ganinsa.